Kejin Tsuntsu: Motar Tseren da Rashin Kuɗi Ya Ƙera a Modena

A farkon watan Nuwamban 1957 kamfanin Maserati ya sauka a birnin Karakas na ƙasar Benezuwela da manyan motocinsa na tsere. Tseren ƙarshe ne na shekarar a gasar duniya ta motoci masu kujera biyu, kuma kofin yana tsakaninsa da maƙwabcinsa Ferrari. Kafin la'asar motoci huɗu masu tambarin mashi mai baki uku sun zama tarkace. Ɗaya ta kife tun ba a yi nisa ba, ɗaya ta auka wa wata ƙaramar mota, sauran biyun kuma suka yi karo da juna, wuta ta lashe guda. Ferrari ya kwashe na ɗaya har zuwa na huɗu, ya haɗa da kofin.

Abin mamaki, a wannan shekarar ce Juan Manuel Fangio ya ci kofin duniya na Formula 1 karo na biyar, kuma a cikin Maserati 250F ya ci shi. Daga waje kamfanin yana kan ganiyarsa. Daga ciki kuwa aljihu ya riga ya huje. Adolfo Orsi, attajirin Modena da ya sayi kamfanin daga hannun 'yan'uwan gidan Maserati a 1937, ya kuma ɗauke shi daga Bolonya zuwa garinsu a 1940, ya sayar wa Ajantina injinan masana'antu masu yawa bashi a zamanin Juan Perón. Da sojoji suka hamɓarar da Perón a 1955 sai kuɗin suka maƙale. Motocin da suka lalace a Karakas kuma da ma an yi niyyar sayar da su ne bayan tsere. Ƙarshen 1957 Maserati ya janye tawagarsa daga tsere, a 1958 kuma kotu ta sa ido a kan harkokin kuɗinsa. Abin da ya hana a rufe ƙofar masana'antar shi ne 3500 GT, motar hawa ta masu hali, wadda ta samu kasuwa.

Ƙofa ɗaya ta rage. Kamfani ba zai ƙara kashe kuɗinsa a tsere ba, amma idan wani mai sha'awa ya zo da nasa kuɗin, ana iya ƙera masa mota. Wannan aiki ya faɗa hannun babban injiniya Giulio Alfieri, mutumin Parma, haifaffen 1924, wanda ya shigo kamfanin a 1953. (Kada a rikita shi da Alfieri Maserati da ya kafa kamfanin a 1914, wancan sunan yanka ne, wannan kuwa sunan gida.) Sharuɗɗan da ke gabansa masu tsauri ne: babu kuɗin zana sabon inji, sai dai a gyara na silinda huɗu da ake da shi tun zamanin motar 200S, motar ta zama mai araha ga mai saye, ta kuma iya karawa da Ferrari mai silinda goma sha biyu da ƙananan motocin Ingila irin su Lotus da Cooper, waɗanda rashin nauyi ne makaminsu.

In ƙarfin inji ya ƙi samuwa, sai a rage abin da injin ke ja. A nan Alfieri ya tsaya, kuma wurin da ya fi samun abin ragewa shi ne firam, wato ƙashin da ke ɗauke da inji da giya da tayoyi da direba.

Tsohuwar hanyar Italiyawa ita ce a shimfiɗa manyan bututun ƙarfe biyu daga gaba zuwa baya, a gicciya wasu a tsakani kamar tsani, a ɗora komai a kai. Tana da sauƙi, tana da ƙwari, amma tana da nauyi, kuma idan mota ta shiga kwana da gudu firam ɗin yakan murɗe, tayoyi su daina zama yadda aka saita su. Sabuwar hanya ita ce wadda Jaguar ya bi a D-Type tun 1954: a yi gangar jikin da faranti kamar ta jirgin sama, fatar kanta ta zama ƙashi. Alfieri ya duba wannan hanya, ya ga tana bukatar kayan aiki da kuɗin da Modena ba ta da su. Abin da Modena ke da shi a yalwace shi ne masu walda da masu bugun bodi, mutanen da hannunsu ya faɗa a kan aikin ƙarfe. Sai ya zana motar da za a gina da hannu da haƙuri.

Duk wanda ya taɓa ganin ƙyauren katako ya saki ya karkace, kafinta ya zo ya gicciya masa katako ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan ya miƙe, ya riga ya san sirrin. Abu mai kusurwa huɗu yana lanƙwashewa, alwatika kuwa ba ta sauya kama sai in ɗaya daga cikin ɓangarorinta ya karye. Shi ya sa firam ɗin keke yake alwatika biyu a manne. Idan aka jera alwatika da yawa, kowane bututu aikinsa ɗaya ne, ko a ja shi ko a danne shi ta tsawonsa, babu mai lanƙwasa shi ta gefe. Bututun da ba a lanƙwasawa kuwa ba ya bukatar kauri. Ba Alfieri ya fara wannan dabara ba. Mercedes 300 SL ta 1952 da irin wannan firam ta fito. Shi dai ya kai ta inda ba wanda ya taɓa kai ta. Ya yi amfani da gutsattsarin bututun ƙarfe kusan 200, masu faɗin milimita 10 zuwa 15, wato daga kaurin alƙalami zuwa na ɗan yatsa. Aka shirya su hawa uku, ƙasa da tsakiya da sama, aka saƙa tsakaninsu da 'yan gajerun bututu, aka ƙara faranti mai huje-huje a wuraren da ƙafafun mota ke kamawa. Da aka gama, firam ɗin duka bai wuce kilo talatin da 'yan kai ba. Buhun siminti ya fi shi nauyi.

A takarda abin gwanin sha'awa ne. Wahalar tana wurin mai walda. Bututu siriri ba ya jure wuta: a ɗan daɗe a wuri ɗaya ya huje, a yi sauri kuma haɗin bai kama ba. A wasu mahaɗai bututu biyar ko shida ne ke taruwa, kowanne sai an yanke bakinsa ya zauna daidai a jikin ɗan'uwansa. Ƙarfe kuma in ya sha zafi yana ja, don haka in ba a bi tsari wajen wane haɗi za a fara da wane za a bari ba, firam ɗin zai fito a karkace. Babbar masana'anta mai ƙera dubban motoci ba za ta ko kalli irin wannan aiki ba. Ga ƙaramin gida mai ƙera ɗai-ɗai, inda ƙwarewa ta fi kuɗi yawa, shi ne daidai.

Sauran motar ma da wannan tunani aka bi ta. Injin yana gaba, amma an ja shi baya da layin tayoyin gaba, aka kuma kwantar da shi gefe da digiri 45 don hancin motar ya yi ƙasa. An cire kaskon baƙin mai daga ƙarƙashinsa, aka mai da man cikin wani tanki dabam, injin ya ƙara nitsewa. Giya mai hawa biyar tana baya, haɗe da aksil, don nauyi ya rabu tsakanin gaba da baya. An sa birki mai faifai a ƙafafu huɗu, a lokacin da Italiyawa ke ta jan ƙafa wajen rabuwa da birkin ganga. Aka lulluɓe duka da fallen alminiyom marar kauri, wanda ya bi jikin kayan ciki sau da ƙafa, tayoyin gaba suka yi tozo biyu sama da bonet. Ta farko, Tipo 60, injinta lita 2 ne, ƙarfin doki 200, nauyinta kilo 570.

Direba in ya zauna a ciki, ta gaban sitiyari da ƙarƙashin gilashi da gefen gwiwoyinsa bututu ne ko'ina a fili, ba a rufe su ba, don rufin ma nauyi ne. Daga nan masu jin Turanci suka laƙaba mata Birdcage, wato kejin tsuntsu. Sunan ya bi ta har ya danne lambar da kamfani ya ba ta.

Ta farkon, mai lambar firam 2451, ta fito a 1959. Stirling Moss, wanda ya daɗe da sanin mutanen Modena, ya gwada ta, sannan ranar 12 ga Yuli ya kai ta Rouen a Faransa ya ci tseren ba tare da wata wahala ba. Ya yaba yadda take bin sitiyari da yadda birkinta ke kamawa, ya kuma ga cewa firam ɗin zai ɗauki injin da ya fi wannan. Tun 1958 dokar gasar duniya ta tsaya a lita 3, kuma masu kuɗin Amurka a wannan aji suke son fafatawa. Alfieri ya buɗe silindojin har faɗin kowace ya kai milimita 100, injin ya zama cc 2,890, ƙarfin doki 250. Wannan ita ce Tipo 61, mai nauyin kilo 600 da gudun da ya kai kilomita 285 a awa. Ferrari Testa Rossa tana da doki kusan 300, amma tana jan kilo kusan 800. Mai lissafi zai ga cewa kowane dokin Maserati kilo 2.4 yake ja, na Ferrari kuwa ya doshi 2.7. Ga ƙarancin shan mai da cin taya a kan haka.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Silinda huɗu masu wannan girma, kowace ta haura cc 700, duka suke yi ba kaɗan ba. Girgizar tana bin inji, ta bi giya, ta bi bututun mai da duk wani ƙaramin kusa. A tseren awa ɗaya ko biyu ba ta cika nuna kanta ba. A tseren awa goma sha biyu ko ashirin da huɗu kuwa sai ta nemo inda ya fi rauni. Kamfanin da ke da tawagarsa zai yi ta gwaji yana toshe irin waɗannan ɓarakoki ɗaya bayan ɗaya. Maserati ba shi da tawaga. Masu saye ne suka yi masa gwajin, a bainar jama'a, a tsakiyar tsere.

Babban mai sayen shi ne Lloyd Casner, wanda ake kira Lucky, wani matuƙin jirgin sama daga Miami mai zaƙin baki. Ya kafa tawaga ya sa mata suna Camoradi, ya shawo kan kamfanin taya na Goodyear ya zuba kuɗi, ya shafa wa motocinsa fari da shuɗi, launin Amurka a fagen tsere, ya ɗauko direbobin da ba su da na biyu: Moss, Dan Gurney, Masten Gregory, Carroll Shelby. Motar nan ta farko, 2451, an sa mata babban inji ta koma hannunsa.

Kakar 1960 tasu ta zama labari guda da ake ta maimaitawa. A Buenos Aires cikin Janairu, Gurney da Gregory suka shige gaba, motar ta lalace. A Sebring cikin Maris, Moss da Gurney suka ba kowa tazarar zagaye da yawa, bayan kimanin awa takwas aksil ɗin baya ya watse, Porsche ta ci. A Targa Florio, cikin duwatsun Sisili, Umberto Maglioli da Nino Vaccarella suna gaba dutse ya huda tankin mai. A tsakanin waɗannan Moss ya ci tseren Habana a Kyuba cikin Fabrairu, amma ba ya cikin lissafin gasar duniya. Kowa ya yarda babu motar da ta kai ta gudu. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ta yi man ranar 22 ga Mayu a Nürburgring. A lokacin hanya ce mai tsawon kilomita 22.8 a cikin duwatsun Eifel na Jamus, kwanoninta sun haura 170, hawa da gangara ba iyaka, kuma sau 44 ake zagaya ta kafin a cika kilomita dubu. Irin wurin da mota marar nauyi ke cin kasuwarta ke nan. Ranar an tashi da yayyafi da hazo mai kauri, har direba ba ya ganin kwanar da ke gabansa sai ya iso ta. Moss, wanda ke raba motar da Gurney, ya fara, ya yi gaba. Can bututun baƙin mai ya fashe, aka shiga gyara, mintuna suka tafi, Ferrari da Porsche suka wuce. Mai kallo zai ce halin nata ne ya motsa. Gurney ya koma cikin hazon nan yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Moss motar, Moss ya ƙarasa. Nasararsa ta uku ke nan a jere a wannan tsere, bayan biyun da ya ci da Aston Martin a 1958 da 1959. Ni a ganina ranar ta Gurney ce.

Saura Le Mans, wadda don ita Casner ya kafa tawagar tun asali. Dokar 1960 ta tilasta wa kowace mota gilashin gaba mai tsayin santimita 25, abin da ke tare iska ya rage gudu. Alfieri ya karanta dokar da idon lauya. Ya yi gilashi dogo wanda ya faro tun daga tsakiyar bonet ya kwanta kwance-kwance, tsayin ya cika bisa awo, iska kuma ta zame ta samansa, aka ƙara wa motar doguwar jela. A jikin 2451 aka ɗora wannan sabuwar riga. Moss bai samu zuwa ba, domin mako guda kafin nan ya yi mummunan haɗari a Spa ta Beljiyam. Gregory ya ja ta, ya kai kusan kilomita 270 a awa a miƙaƙƙen titin Mulsanne, ya yi wa jerin Ferrari nisa tun a sa'o'in farko. Da ya tsaya shan mai, kik ya ƙi tayar da inji. Kusan awa guda makanikai suna fama. Ta koma fili, cikin dare injin ya mutu gaba ɗaya. Sauran motocin Maserati na Camoradi ma babu wadda ta kai safiya a cikin tseren. Olivier Gendebien da Paul Frère suka ci da Ferrari.

A Amurka kuwa, inda tsere gajere ne, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Shelby ya ci babban tsere a Riverside a watan Afrilun 1960, a shekarar da ciwon zuciya ya sa yake tuƙi da ƙwayar magani a ƙarƙashin harshe, kuma ita ce shekararsa ta ƙarshe a matsayin direba. Bill Krause ya ci wani a filin nan cikin Oktoba. Gus Andrey ya ɗauki kofin ajinsa na ƙasa a 1960, Roger Penske ya ɗauka a 1961, tun kafin ya zama mai babbar tawagar da aka sani yau. A gida Italiya ƙaramar, Tipo 60, ta mamaye tseren hawan dutse a hannun irin su Odoardo Govoni da Mennato Boffa. Duka biyun, babba da ƙarama, ashirin da 'yan kai aka ƙera tsakanin 1959 da 1961.

Zuwa 1961 kuɗin Camoradi sun ƙare, manyan direbobi sun watse. Casner ya zo Nürburgring da Tipo 61 guda ɗaya, shi da Gregory, alhali shi kansa ba a lissafa shi cikin gwanaye. Ferrari ya zo da sabuwar 246 SP mai inji a bayan direba. Aka sake samun ruwa da sanyi, sabbin motocin suka shiga matsala, tsohuwar kejin ta yi ta tafiyarta har ta riga kowa, 'yan'uwan nan biyu na Meziko, Ricardo da Pedro Rodríguez, suna biye a Ferrari. Daga wannan Maserati bai sake cin tsere a waccan gasar ta duniya ba.

Zamani ya riga ya juya. Cooper da Lotus sun nuna cewa wurin inji bayan direba ne, a 1962 kuma Lotus 25 ta kawo gangar jiki ta faranti cikin Formula 1, firam ɗin bututu ya fara zama tsohon yayi. Alfieri ya bi sahu da Tipo 63, keji mai inji a baya, da farko silinda huɗu, daga baya goma sha biyu. Ɗaya daga cikinsu, ta tawagar Briggs Cunningham, ta zo ta huɗu a Le Mans a 1961, Cunningham da kansa kuma ya zo na takwas a Tipo 60. Amma 63 da 64 da ta biyo ta ba su taɓa samun daidaiton ta farko ba. Casner ya mutu a watan Afrilun 1965 a Le Mans, yana gwajin wata Maserati, Tipo 151. Aka yi gaggawar haɗa Tipo 65 mai injin lita 5 don tseren watan Yuni, Jo Siffert ya buga ta a zagayen farko. Nan zuriyar ta tsaya.

Alfieri ya ci gaba da aiki a Modena har bayan Citroën ya sayi kamfanin a 1968. Shi ya yi injin Citroën SM, da hannunsa kuma a Maserati Bora. Da Alejandro de Tomaso ya karɓi kamfanin a 1975 ya sallame shi, ya koma Lamborghini. Ya rasu a 2002. Bai ga MC12 ta 2004 ba, wadda aka yi wa fenti fari da shuɗi don tunawa da Camoradi, bai kuma ga motar nuni da Pininfarina ya kai baje kolin Geneva a 2005 da sunan Birdcage 75th ba.

Masu cewa motar ba ta da ƙwari suna da hujja, ga Sebring ga Le Mans. Amma a duba abin da ya riƙa lalacewa: aksil, kik, bututun mai, tanki, injin da aka buɗe fiye da ƙima. Kayan da aka gada ne ko aka saya, waɗanda kuɗin gwaji kaɗan zai gyara. Abin da kowa ya zata zai fara karyewa, saƙar siraran bututun nan, shi ne ya riƙe amana. A 1996, da aka shirya yin gwanjon tsofaffin motocin kamfanin a Landan, Umberto Panini, na gidan masu buga hotunan 'yan ƙwallo, ya saye su duka don kada su bar Modena, ya ajiye su a gonarsa ta shanu da cuku a bayan gari. Motar da Casner da Gregory suka ci Nürburgring da ita a 1961 tana cikinsu.